Littafin da Ke Bin Sawun Fim, da Irin Hukuncin da Masu Karatu Ke Yi Masa

Akwai wani irin littafi wanda masana adabi ba su cika kula da shi ba, alhali kuwa masu karanta shi suna da yawa ƙwarai, sun kuma fi masu karanta manyan littattafai zafin rai a kan abin da su ke karantawa. Shi ne ƙagaggen labarin da a ke rubutawa a kan wani labari wanda jama'a suka riga suka gani a fim. Marubucinsa ba shi ya ƙago mutanen da ke ciki ba, ba shi ya shata ƙasar da su ke zaune ba. Aro aka ba shi, aka ce ya ƙara gini a kan harsashin wani. Abin da wannan takarda ke nufin bayyanawa shi ne, mai karanta irin wannan littafi ba ya zuwa masa kamar baƙo mai jiran a ba shi labari. Zuwan magaji ya ke yi, mai duba ko an taɓa masa gado. Wanda bai gane wannan ba, in ya ji ra'ayin masu karatu sai ya ɗauka hukunci ne a kan gwanintar marubuci, alhali sau da yawa wani abu dabam a ke aunawa.

Malamin da ke koyar da Hausa a Kambaza, ko a cikin garin Gwandu, ko a Kalgo, ba sai ya ƙetare teku ba kafin ya sami misalin gini a kan harsashin wani, gama ƙasar Gwandu ta san tahamisi tun da daɗewa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke Gwandu, ya yi wa Daliyyar yayansa Shehu Usmanu tahamisi. Waƙar Tabbat Haƙiƙa kuwa hannu uku ta bi: Shehu ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Ƙa'idar aikin sananniya ce. Mai tahamisi yakan ɗauki baiti mai ɗango biyu, ya sa ɗango uku nasa a gabansa, su zama ƙwar biyar. Tilas ya bi karin waƙar asali, tilas ƙafiyar ɗangoginsa ta dace da ta ɗangon farko na baitin da ya tarar, kuma ba shi da ikon ya sāke ko da kalma ɗaya ta mai waƙa. Mai sauraro, wanda galibi ya hardace asalin, yana jiran ya ji yadda ƙarin zai sauka a kan abin da ya sani. In ya sauka daidai, sai ƙari da asali su zama abu guda. Ishiriniyar da a ke rerawa a ko'ina cikin ƙasar Hausa haka ta ke: baitocin Alfazazi ne tare da tahamisin Ibnu Muhibu, amma kaɗan ne cikin masu rera ta ke tsayawa su ce nan ne maganar wannan ta ƙare, ta wancan ta fara.

Ba a nufin a daidaita darajar waƙar wa'azi ko ta yabon Annabi da ta labarin nishaɗi. Siffar aikin kaɗai a ke dubawa. Kuma siffar nan tana nan har a tatsuniya, gama duk wanda ya taɓa yi wa yara gatanan gatanan ku ya san ba su yarda a ba Gizo halin da ba nasa ba. In aka ce Gizo ya sami nama ya raba shi da gaskiya, ba da wata dabara a ƙasa ba, nan da nan za a ji yara sun ce ba haka ba ne.

A ƙasar Hausa, dangantakar littafi da fim ta fara ne daga littafi. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da gasar Zariya ta 1933 ta haifar, an buga shi cikin 1934. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, aka buga cikin 1975, sa'an nan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa cikin 1976. Da fim ɗin bidiyo ya kunno kai a Kano cikin 1990 da Turmin Danya, marubutan Kano ba su yi nawa ba wajen kai littattafansu gaban kyamara. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya zama fim cikin 1994, Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu kuma cikin 1998. A nan mai kallo shi ne magajin, littafi shi ne gadon.

Amma akwai wata hanya da fim ya riga littafi a ƙasar Hausa, ita ce kuma ta fi kusa da maganar da a ke ciki. Tun daga shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori, masu gidajen silima, suka fara kawo fina-finan Indiya Kano da sauran biranen Arewa, har aka yi zuriya biyu ko uku waɗanda suka tashi da su. Saboda haka sa'ad da littattafan soyayya suka cika kasuwa daga ƙarshen shekarun 1980, masu karanta su sun zo musu da ma'auni a hannu, ma'aunin kuwa fim ɗin Indiya ne. Labarin In Da So Da Ƙauna ya isa misali. Sumayya 'yar masu hali ce, tana son Muhammad, yaro talaka. Aka matsa mata ta auri mai kuɗi. Da abin ya kai mata iyaka sai ta faɗa rijiya, amma Allah ya yi da sauran kwananta, daga baya ta auri wanda ta ke so. Faɗawa rijiyar nan ita ce ta raba masu karatu. Masu suka suka ce wannan ba halin 'yar Musulmin Bahaushe ba ne, daga silima aka kwaso shi. Matasa kuwa, waɗanda auren tilas ba labari ba ne a gare su, suka ga littafin ya faɗi abin da ke ransu. Brian Larkin ya tattauna wannan cikin wata maƙala da ya buga a mujallar Africa cikin 1997, inda ya nuna fim ɗin Indiya ya ba matashin Bahaushe wata hanya ta yin tunani a kan so da aure wadda ba ta Turawa ba ce, ba kuma ta gidansu ba ce sak.

Abin lura a muhawarar nan, wadda Ibrahim Malumfashi ya hura wutarta da ya kira waɗannan littattafai Adabin Kasuwar Kano, su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu kuma suka tsaya kare marubutan, shi ne yadda aka fi yin gardama a kan asalin labari bisa ga yadda aka rubuta shi. Alhali aro ba baƙon abu ba ne a adabin Hausa. Abubakar Imam ya ɗebo daga Maƙamatul Hariri cikin Ruwan Bagaja, ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai cikin Magana Jari Ce. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa jarumin Rasha ne aka naɗa masa rawani. Ba wanda ya ɗaga murya, domin mai karatu na wancan zamani bai san asalin ba, ko kuwa in ya sani bai ɗauke shi nasa ba. Mai karatun 1991 kuwa ya ga fim ɗin da idonsa. Sanin asali shi ke mai da mai karatu alƙali.

Duk da haka, a ƙasar Hausa ba a sami kamfani guda mai mallakar duniyar labari guda, yana ɗaukar marubuta haya su yi ta ƙara mata ɗakuna shekara da shekaru ba. Wanda ke son ganin wannan a cike sai ya dubi Amurka, ya dubi Star Wars, watau jerin fina-finan George Lucas na yaƙi tsakanin wata azzalumar daula da 'yan tawaye a cikin duniyoyin sararin samaniya. Sunan kimiyya kawai labarin ya ara. Cikinsa tatsuniya ce ta takubba, da gimbiya, da tsohon malami mai asiri, da ɗa wanda bai san ubansa ba. Bahaushen da ya karanta Ganɗoki ba zai ɓata a cikinta ba.

Fim na farko ya fito cikin watan Mayu 1977, amma littafinsa ya riga shi da kimanin wata shida. Sunan Lucas ke bisa bango, alhali Alan Dean Foster ne ya rubuta. Cikin 1978 Foster ya fitar da na biyu da sunansa, Splinter of the Mind's Eye, wanda aka shirya domin ya zama fim mai araha in na farko bai yi kasuwa ba. A cikinsa akwai alamun so tsakanin jarumin labarin, Luke, da gimbiya Leia. Sai fim na uku ya fito cikin 1983 ya bayyana cewa su biyun tagwaye ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun daga ranar, duk wanda ya karanta littafin Foster yana karanta shi da sanin abin da Foster bai sani ba, ya kuma ji ƙyamar abin da ba laifin marubuci ba ne. Wannan shi ne hatsari na farko ga mai gini a kan harsashin wani: mai harsashi yana da rai, yana iya matsar da shi. Mai tahamisi ya tsira daga wannan, gama baitin da ya tarar ya riga ya kafu.

Bayan 1983 labarin ya yi sanyi, har 1991, sa'ad da Timothy Zahn ya fitar da Heir to the Empire, watau Magajin Daula, wanda ya ɗauko zaren shekara biyar bayan ƙarshen fim na uku. Littafin ya kai matsayi na ɗaya a jerin littattafan da aka fi saye na jaridar New York Times, kuma har yau shi da biyun da suka bi shi, cikin 1992 da 1993, su ne masu karatu suka fi yabo. Dalilin yabon ya cancanci a tsaya a kansa. Zahn ya riƙe muryar tsofaffin jarumai, har mai karatu ya ji kamar yana sauraron 'yan wasan da ya sani. Sa'an nan ya kawo sabon abokin gaba, Thrawn, sarkin yaƙi mai sanyin hali wanda ke nazarin zane-zane da sassaƙen kowace al'umma domin ya gane inda tunaninta ke da rauni, kana ya auka mata ta nan. Sabon abu ne, amma bai ture tsohon ba. Har sunan da Zahn ya raɗa wa babban birnin daular, Coruscant, Lucas ya karɓa ya sa cikin fim ɗinsa na 1999. Wannan shi ne tahamisin da ya sauka daidai, ƙari ya shige cikin asali.

Na R. A. Salvatore ya sha bamban. Cikin 1999 ya rubuta Vector Prime, na farko a jerin littattafai 19 da suka ci gaba har 2003. A cikinsa aka kashe Chewbacca, wani dogon halitta mai gashi, amintaccen abokin ɗaya daga cikin jarumai, wanda masu kallo suka saba da shi tun 1977. Ba Salvatore kaɗai ya yanke shawarar ba; editoci da kamfanin Lucasfilm ne suka shirya a yi babban rashi domin mai karatu ya daina sakankancewa cewa jarumai ba sa mutuwa. Amma shi ne sunansa ke bisa bango, shi aka yi wa ruwan zagi, har da masu yi masa barazanar kisa. Mutanen nan ba cewa su ke yi wurin mutuwar bai tsaru ba. Waɗansunsu ma sun yarda ya taɓa zuciya. Ƙararsu ita ce, wa ya ba shi izini?

Babbar girgiza ta zo daga baya. Cikin Oktoba 2012 kamfanin Disney ya sayi Lucasfilm a kan dala biliyan 4 da 'yan kai. Cikin Afrilu 2014 aka yi shela cewa dukkan littattafan da aka rubuta a baya, har da na Zahn, an fitar da su daga ingantaccen labari; za a ci gaba da buga su da tambarin Legends, watau almara, amma sababbin fina-finai ba za su bi su ba. Mutumin da ya yi shekara 23 yana saye yana karantawa, ya san wa ya auri wa, wa ya haifi wa, aka wayi gari aka ce masa duk wannan bai faru ba. Abin dariya ne in an duba ta wani gefe, tun da ba ko ɗaya cikin labaran da ya taɓa faruwa. Amma masu karatu ba su ɗauke shi wasa ba. Cikin 2016 waɗansunsu suka yi karo-karo suka kafa babban allon talla a San Faransisko suna roƙon a ci gaba da tsohon zaren.

A cikin wannan hayaƙi ne Aftermath na Chuck Wendig ya fito, cikin Satumba 2015, yana ba da labarin abin da ya biyo bayan fim na uku, watau filin da Zahn ya riga ya noma. Tun kwanakin farko aka yi masa ca da mafi ƙanƙantar maki, ko da ya ke wannan bai hana shi shiga jerin waɗanda aka fi saye ba. In aka tsefe sukan da aka yi masa, sai a tarar igiya uku ce aka tufka wuri guda. Waɗansu salon ne bai yi musu ba, gama Wendig ya ba da labarin da lokaci mai ci maimakon shuɗaɗɗe, cikin gajerun jimloli masu tsinkewa. Waɗansu ba su yarda da ɗabi'ar wani sabon jarumi da aka sa a ciki ba. Waɗansu kuwa fushin shelar 2014 ne suka sauke a kan littafin farko da ya zo hannu. Da ko wane ne ya rubuta shi, da haka za su yi masa. Na farko hukunci ne a kan rubutu, na biyu a kan tarbiyya, na uku a kan mallaka. Wanda ya tara maki ukun ya raba, ya ce ga darajar littafi, ya auna gero da dawa da tsakuwa a mudu ɗaya.

Wannan tsefewa ita ce aikin malamin adabi, kuma ita ce ta yi ƙaranci a muhawarar Kano. Mai cewa Sumayya ba ta yi halin Bahaushiya ba, maganar tarbiyya ya ke yi, ko ta amana ga al'ada. Bai ce kome ba tukuna a kan ko Ado Ahmad ya iya jan zaren labari. Mai cewa littafin ya sa shi kuka, shaida ce ya bayar mai amfani, amma ita ma ba ta ce kome a kan Hausar littafin ba. Kuskure ne malami ya watsar da ra'ayin masu karatu domin ba masana ba ne, gama su ne suka fi kowa sanin asalin da a ke gini a kansa, kuma ba a ruɗinsu a kan wannan. Ɗalibin da ke kallon fina-finan Indiya da aka juya muryarsu zuwa Hausa a wayarsa zai gane inda marubuci ya kwaso wani wuri tun malaminsa bai farga ba. Kuskure ne kuma a ɗauki ra'ayin a matsayin hukuncin ƙarshe. Ko kamfanin da ya yi shelar 2014 ya nuna ya san bambancin: bai mai da tsohon zaren ba, amma cikin 2016 ya dawo da Thrawn cikin sabon labari, cikin 2017 kuma Zahn da kansa ya sāke rubuta littafi a kansa.

Saura tambaya ɗaya, ko Hausa na da labarin sararin samaniya nata. Tana da shi. Cikin 1969, shekarar da 'yan sama jannatin Amurka suka sauka a kan wata, Kamfanin Buga Littattafai na Arewa da ke Zariya ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin wani yaro Kilba wanda wani baƙon halitta, Kolin Koliyo, ya ɗauka ya kai shi yawon ganin abubuwan al'ajabi a sama. Littafin ya riga fim ɗin Lucas da shekara takwas. Ma'aunin da ke hannun mai karatun Hausa na lokacin shi ne tafiyar Alhaji Imam neman ruwan Bagaja da yaƙe-yaƙen Ganɗoki a ƙasar aljannu, kuma a kan wannan turba labarin Kilba ya ke, sai dai kumbo ya tsaya inda aljani ke tsayawa dā. Amma littafin ya zauna shi kaɗai. Bai tara jama'ar da za su ɗauki Kilba gadonsu su yi kishinsa ba, yadda aka yi kishin Chewbacca, ko yadda yara ke kishin Gizo. Dalili kuwa a fili ya ke: a aji aka fi karanta shi, littafin aji kuwa na malami ne da mai jarrabawa, da wuya yaro ya ji nasa ne.

Littattafan Kano su ne suka sami irin wannan jama'a. Sukan fito kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, marubuci ya sa adireshinsa a ciki, masu karatu su rubuto masa tun bai gama labarin ba. Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess sun buga jerin sunayen waɗannan littattafai cikin 2004, waɗanda suka fito daga 1987 zuwa 2002, sun ƙirga fiye da 700. Jerin ya kiyaye sunayen littattafai da na marubuta. Wasiƙun masu karatu kuwa a hannun marubutan su ke, ga wanda ya adana nasa, takarda ce kuma mai jin gara da damina. Ɗalibin da ke neman abin da zai yi bincike a kai, a Sakkwato, ko a jami'ar tarayya da aka kafa a hanyar Kalgo cikin 2013, zai iya farawa da marubuci guda: ya nemi izinin ganin wasiƙun da aka aiko masa tsakanin kashi na ɗaya da na biyu, sa'an nan ya duba abin da ya sāke a kashi na biyun.